Wasa Ba Faɗa Ba: Doka da Amana a Filin Ƴan Tara-Tara

Kowane wasa da ɗan Adam ya ƙirƙiro yana tafiya ne bisa dokoki iri biyu. Akwai waɗanda aka rubuta a takarda, aka danƙa wa alƙali ya tsare su da usur a baki. Akwai kuma waɗanda babu mai iya rubuta su, domin a ƙirjin ɗan wasa suke zaune: ya faɗi gaskiya a inda ba a gan shi ba, ya janye ƙafa a inda zai iya taka wani, ya haɗiye hukuncin da bai yi masa daɗi ba. A manyan filaye, inda kuɗi da na'urorin ɗaukar hoto suka yi yawa, dokokin farko sukan lulluɓe na biyu har a mance da su. Wanda yake son ganin na biyun a sarari sai ya nemi ƙaramin wasa, inda alƙali ɗaya ne tak, ƴan kallo kuma ba su wuce ƴan rakiya ba. Irin wannan wasa akwai shi a ƙasar Ostiraliya, mutum tara-tara ake yin sa. Nesa ta raba shi da mai karatu, amma tambayar da yake ɗauke da ita ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa bin balo a fegi ko a filin lakkwal.

Kafin a zo ga ɗa, ya kamata a san uba. Ƙwallon ƙafa irin na Ostiraliya dabam yake da wanda duniya ta sani, dabam kuma da rugbi, ko da yake ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne kamar na rugbi. Filin ma siffar ƙwai gare shi, tsawonsa daga metir 135 zuwa 185, faɗinsa daga 110 zuwa 155, kowane ɓangare kuma mutum 18 yake sakawa. A kowane ƙarshen fili an kafa sanduna huɗu, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefe. Babu raga, babu sandar gicciye, babu mai tsaron gida. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ya ratsa tsakanin dogayen nan biyu ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya ci maki 6. In ƙwallon ya bi ta tsakanin doguwa da gajera, ko ya bugi doguwar sanda, ko wani ya taɓa shi a hanya, maki 1 ne kawai. An yarda a riƙe ƙwallo a hannu a yi gudu da shi, da sharaɗin a riƙa buga shi da ƙasa kafin a wuce metir 15. An hana jifa. Mai son miƙa wa ɗan'uwansa da hannu sai ya aza ƙwallon a tafi ɗaya, ya naushe shi da ɗayan hannun a dunƙule. An yarda a rungumi mai ƙwallo tsakanin kafaɗa da gwiwa a kai shi ƙasa, amma an hana tura shi ta baya. Adon wasan kuwa shi ne cafka: duk wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo da ƙafa daga tazarar metir 15 ko fiye, kafin ya taɓa ƙasa ko hannun wani, sai a tsaya masa, ya ja da baya ya yi bugunsa a natse babu mai taɓa shi.

A birnin Melbon aka haifi wannan wasa. A watan Yuli na 1858 wani gwanin kurket mai suna Tom Wills, wanda ya yi karatu a makarantar Rugby ta Ingila, ya rubuta wa wata jarida wasiƙa yana neman a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, don kada jikin ƴan kurket ya mutu a lokacin sanyi. A watan Mayu na 1859 shi da abokansa suka zauna suka tsara dokoki goma. Wanda ya duba su a yau zai ga abin mamaki. Sun yarda da ture, har da sa ƙafa, amma sun hana harbin ƙwauri, sun kuma hana jifan ƙwallo. Cafka tana ciki tun ranar, sai dai a wancan tsari ɗan wasan da ya cafe shi ne da bakinsa yake shelanta cewa ya cafe, abokan hamayya kuma su tsaya masa. A waɗancan shekaru na farko sau da yawa shugabannin ɓangarorin biyu ne suke raba gardama tsakaninsu. Alƙalin tsakiyar fili sai daga baya ya zama wajibi. Watau tun asali wasan ya fara ne da amincewa da maganar ɗan wasa, ƴan tsaro suka biyo baya yayin da ƴan kallo da kuɗin ƙofa suka ƙaru.

Wannan asali bai ɓace ɗungum ba ko a babbar gasar ƙasar, wadda ta fara a 1897 da ƙungiyoyi takwas, ta kuma ɗauki sunan AFL a 1990. Babbar lambar yabo da ɗan wasa guda yake samu a can ita ce ta Brownlow, wadda ake bayarwa tun 1924, kuma ƙa'idarta ta sa tsabtar wasa gaba da gwaninta. Alƙalan fili ne suke zaɓe: bayan kowane wasa su ba mutum uku maki 3, da 2, da 1. Duk wanda aka dakatar saboda laifin fili a cikin shekarar, ya fita daga takara ko da ya fi kowa maki. Ba barazana ce ta fatar baki ba. A 1996 Corey McKernan ya yi kunnen doki da waɗanda suka ci lambar, amma bai samu ba domin an dakatar da shi a wannan shekara. A 1997 Chris Grant ya fi kowa maki, lambar ta wuce shi ta tafi ga Robert Harvey saboda dalili iri ɗaya. Har yau mutanen can suna gardama a kan ko hukuncin ya yi tsanani, amma ka'idar tana nan: gwanin da bai iya kame hannunsa ba, ba a kiran sa na ɗaya.

To amma wasan mutum 18 yana da nauyi. Yana son fili mai girman gona, da mutum 36 a ciki, da jikin da zai iya ɗaukar karo. Malamin lakkwal mai shekara 45, da ma'aikaciyar gidan likita da ta fito daga aiki da yamma, da baƙon da bai taɓa riƙe ƙwallo mai siffar ƙwai ba, duk ba su da rabo a ciki. Saboda haka a 2011 hukumar AFL ta fito da tsarin ƴan tara-tara, wanda ya gaji wani wasan nishaɗi da aka gwada kafin shi. Akan yi shi a ƙananan gasa na unguwanni da jami'o'i da ma'aikatu, galibi da yamma a watannin zafi, bayan babbar gasa ta ƙare a ƙarshen Satumba. A Turai ma, inda filaye masu siffar ƙwai suke da wuyar samu, ana yin gasar ƙasashe ta tara-tara tun 2005 a filaye masu kusurwa huɗu, sai dai su da kamu da kayarwa suke yi. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na nishaɗi, wanda aka cire wa karo baki ɗaya.

Masu shirya gasa sukan ɗan gyara dokokin gwargwadon ƴan wasansu, amma ginshiƙan ɗaya ne. Fili ba ya wuce metir 100 a tsawo da 50 a faɗi, an raba shi kashi uku. Mutum uku a gaba, uku a tsakiya, uku a baya. A nan kowa yake tsayawa idan za a fara wasa ko bayan an ci. Ana yin rabi biyu, kowane minti 20. Ƴan gaba ne kaɗai suke da ikon ci, kuma daga cikin yankin gaba, shi ya sa akan ɗaura musu alama a hannu. Cafka tana ƙirguwa komai gajartar bugun. Ba a harbin ƙwallo yana ƙasa. Mai gudu da ƙwallo sau ɗaya kawai yake buga shi da ƙasa, daga nan dole ya rabu da shi. Idan ƙwallo ya faɗi ƙasa, ko daga bugu ne ko daga cafkar da ta kuɓuce, sai ya koma hannun ɗayan ɓangaren. A maimakon kamu kuwa aka sa taɓi: mai tsaro ya taɓa mai ƙwallo da hannu kawai. In mai ƙwallon ya riga ya sami damar rabuwa da shi bai yi ba, ya yi asararsa. In yanzu ya karɓa, akan ba shi taki biyu ko daƙiƙa biyu ya miƙa.

A wannan doka ta taɓi ne amana take fara shiga wasan. Kamu ba ya ɓoyuwa. Wanda aka rungume aka kai ƙasa, ko makaho ya ji faɗuwarsa. Taɓi kuwa ba ya barin sawu. Yatsu biyu ne suka shafi bayan riga, cikin gudu, alƙali yana can metir 30 nesa, jikin mutum uku ya tare masa gani. Mutum biyu ne kacal a duniya suka san abin da ya faru: wanda ya kai hannu da wanda aka kai wa. Kowannensu kuma yana da ribar ƙarya. Mai tsaro yana iya ɗaga murya ya ce ya taɓa, alhali iska ya kama. Mai ƙwallo yana iya ci gaba da gudu kamar bai ji komai ba, alhali ya ji hannun a kafaɗarsa. Babu hoton da za a sake dubawa, babu shaida. Idan ɗaya ya yi ƙarya ya ci riba, ɗayan ɓangaren zai rama a karo na gaba, kafin a je hutun rabi kuma kowane gudu ya zama ƙara, kowane hukunci ya zama gardama. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wasan tara-tara yana tsayuwa ne muddin mafi yawan ƴan wasa sun yarda su yi asarar ƙwallo saboda taɓin da babu wanda ya gani.

Haka abin yake a bakin sanduna. Tsakanin maki 6 da maki 1 wani lokaci ɗan yatsa ne kawai: mai tsaro ya yi tsalle, ƙwallo ya wuce, shi kaɗai ya san ko farcensa ya shafe shi. A babbar gasa alƙalai goma ne suke kewaye da fili tun 2023, huɗu a ciki, huɗu a gefe, biyu a bakin sanduna, ga kuma duban hoto da aka shigo da shi a 2012. Duk da haka a watan Agusta na 2023 wani bugu na Ben Keays, ɗan wasan Adelaide, ya ratsa tsakanin dogayen sanduna a ƙarshen wasansu da Sydney, alƙalin wurin ya ce ya shafi sanda, bai nemi a duba hoto ba. Adelaide ta faɗi da maki ɗaya, ta rasa shiga zagayen ƙarshe na gasar, washegari hukumar ta amsa cewa kuskure aka yi, amma sakamakon bai canza ba. Idan ido ashirin da na'urori sun iya kuskure, me za a ce da ido biyu a filin unguwa da magariba? Alƙalin ƙaramar gasa ba zai iya gano gaskiya shi kaɗai ba; ƴan wasa ne suke kawo masa ita ko su hana shi.

Doka ta biyu da take auna hali ita ce ta cafka. A babban wasa mutane sukan yi tsalle su hau bayan juna, gwiwa a kafaɗa, don su cafe ƙwallo a sama, kuma hoton irin wannan cafka shi ne abin alfaharin wasan. A tara-tara an hana wannan. Wanda ya riga ya tsaya a inda ƙwallon zai sauka shi ne mai wurin. Ba a ture shi, ba a faɗo masa ta baya ko ta gefe. Mai son ƙwace ƙwallon sai ya tare shi a hanya ba tare da jiki ya haɗu ba. Ga tsohon ɗan wasan da ya girma cikin karo, wannan doka tana da ɗaci, domin duk abin da aka koya masa tun yana yaro shi ne kada ya janye, kada ya kau da ido daga ƙwallo. Ga shi yanzu yana gudu da nauyin kilo 95, a gabansa yarinya ce ƴar jami'a ta kafa ido sama tana jiran ƙwallo, ba ta ma san yana tafe ba. Usur ɗin alƙali bayan karo yake zuwa. Ba ya ɗora ƙashin da ya karye. Abin da zai tsare yarinyar nan shi ne mutumin ya taka birki da kansa, ya bar ta ta cafe, ko da hakan zai jawo wa ɓangarensa maki 9.

Wannan janyewa tana da dalili mai nauyi, wanda shekarun baya-bayan nan suka bayyana. Graham Farmer, ɗaya daga cikin manyan gwanayen wasan, ya rasu a 2019. Da likitoci suka binciki ƙwaƙwalwarsa sai aka sanar a 2020 cewa yana ɗauke da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan buguwar kai. A 2023 aka sami irin cutar a ƙwaƙwalwar Heather Anderson, wadda ta ci gasar mata ta farko a 2017 tare da Adelaide, ta rasu tana da shekara 28. Hukumar ta sa dokar hutun kwana 12 aƙalla ga ƙwararren da ya sami girgizar ƙwaƙwalwa a 2021, a 2024 kuma ta kai shi kwana 21 ga ƴan ƙananan gasa. Ƙwararre aƙalla yana da albashi da likitan ƙungiya. Wanda ya zo wasan yamma ba shi da ko ɗaya. Gobe da safe akwai aji da yake jiran sa, ko kanti, ko ƴaƴan da za a kai lakkwal. Mai yi masa karo don maki shida ya taɓa abincin gidansa.

Doka ta uku ta fi sauran jawo magana. A gasar da maza da mata suke wasa tare, akan wajabta mata uku aƙalla a cikin fili, ɗaya a kowane yanki, kuma cin da mace ta yi maki 9 ne a maimakon 6. Lissafin a bayyane yake: ci biyu na mace daidai yake da ci uku na namiji. Masu dokar sun san halin maza a fili. Sun san in ba a sa riba ba, ƙwallo zai yi ta yawo tsakanin maza shida, mata uku su zama ƴan cika lissafi. Sai suka ɗaura kwaɗayin nasara a kan adalci don ya ja shi. Wasu matan, musamman waɗanda suka ƙware, suna ganin ƙarin makin nan raini ne da aka yi wa ado, kuma maganarsu abin sauraro ce. Wata matsalar kuma ita ce dokar tana iya cika a takarda ta mutu a fili: a ajiye mace ɗaya a bakin sanduna ana ta aika mata ƙwallo don makinta, sauran biyun su gama minti 40 hannunsu bai taɓa shi ba. Daɗin daɗawa, tun da ƙwallon da ya faɗi ƙasa asara ne, zuciya tana raya wa mai bugu ya nemi gwani kawai, ya tsallake sabon shiga, mace ce ko namiji, ko da shi ne yake tsaye babu mai tsaronsa. Babu sashen doka da ya hana wannan. Amma wanda aka tsallake sau goma ba ya dawowa mako mai zuwa, ƙungiyar da ta ci duk wasanninta da mutum biyar kuma wata rana za ta rasa na tara da za ta cika fili da shi.

Akwai kuma zamba da ake yi tun kafin a busa usur. Ƙananan gasa sukan kasa ƙungiyoyi rukuni-rukuni bisa ƙarfinsu, sukan kuma nemi a rubuta sunayen ƴan wasa, a sa sharaɗin yawan wasannin da mutum zai buga kafin a bar shi ya shiga wasan ƙarshe. Dalilin sananne ne a ko'ina ake balo: ranar kofi sai a ga baƙuwar fuska, wani dogo da ba a taɓa gani ba, wai ɗan'uwan wane ne. Ƙungiyar da ta yi haka mutum biyu ta cuta. Ta cuci abokan hamayya, ta kuma cuci nata ɗan wasan da ya zo kowane mako cikin zafi da ruwa, ranar wanka kuma aka zaunar da shi a benci. Kofin da ake ba ƴan irin wannan gasa bai kai kuɗin takalmi ba. Wanda ya sayar da abokinsa a kansa ya nuna farashin da ya sa wa kansa.

Shi kuwa alƙali, a ƙananan filaye sau da yawa matashi ne, wani ma bai gama lise ba, ana ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 2022 hukumar AFL ta ce ƙananan gasa suna da giɓin alƙalai kusan 6,000, kuma zagi yana cikin abin da yake korar su. A shekarar ta tsananta hukunci a kan ƙwararru: wanda ya yi wa alƙali gardama, ko da da ɗaga hannuwa ne, sai a matso da bugun abokin hamayya metir 50 gaba. Kafin nan, a 2021, an dakatar da Toby Greene wasa shida saboda ya bangaji alƙali da kafaɗa. Ƴan kallo da yawa sun ce an wuce gona da iri, amma hujjar hukumar tana da ƙarfi: abin da yaro ya gani a talabijin ranar Asabar shi yake kwaikwayo a filin unguwa ranar Lahadi. Babbar gasa ba ta korar ɗan wasa daga fili, sai dai a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa bayan wasa. A ƙananan gasa kuwa alƙali yana da ikon fitar da mai zagi ko mai mugun wasa nan take. Dokin mai baki ya fi gudu, kowa a gefen fili gwani ne. Amma ranar da yaron nan ya ajiye usur ya ce ya gaji, mutum 18 ne za su tsaya da takalma a ƙafa babu wasa.

Harshe ma gaɓa ce, kuma raunin da yake yi ya fi na gwiwa daɗewa. Tarihin wasan ya san wannan. Ran 17 ga Afrilu 1993 Nicky Winmar, ɗan asalin mutanen farko na ƙasar, bayan ya sha zagin launin fata daga ƴan kallo, ya ɗaga rigarsa ya nuna fatarsa da yatsa. Hoton ya zama ɗaya daga cikin sanannun hotunan ƙasar. A 1995 Michael Long ya kai ƙarar wani abokin hamayya da ya zage shi da launinsa, a shekarar kuma hukumar ta kafa dokar hana cin mutunci saboda launi ko addini, wadda take fara neman sulhu tsakanin mutum biyun kafin a je ga hukunci. Dokar ba ta kashe cutar ba. Adam Goodes, wanda ya ci lambar Brownlow sau biyu, a 2003 da 2006, ya bar wasa a 2015 bayan ihun ƴan kallo ya bi shi fili-fili, sai a 2019 hukumar da ƙungiyoyinta 18 suka ba shi haƙuri. Tara-tara shi ne ƙofar da baƙi da ɗalibai daga wasu ƙasashe suke fara shiga wasan ta cikinta. A nan babu ɗan jarida, babu hoto. Kalmar da aka raɗa wa baƙo a kunne ba ta kai wa ga alƙali. Mai iya hana ta shi ne abokin wasan mai zagin, wanda ya ji, idan ya yarda ya tsawata wa nasa.

Mai ja da wannan magana zai ce duk wannan mafarki ne. Zai ce an shiga fili ne don a ci, wanda ya amsa taɓin da ba a gani ba ya ci amanar abokansa takwas, kuma wasan da aka cire wa karo an cire masa gishiri. Akwai gaskiya a ciki. Wasan da ba a son ci a cikinsa ba wasa ba ne, kuma sakaci da gangan shi ma raini ne ga abokin hamayya. Dokokin tara-tara ba su hana kowa gudu iya ƙarfinsa ba, ba su hana dabara ba; hasali ma da aka cire ƙarfin ƙirji, sai saitin ƙafa da karanta fili suka zama su ne gwaninta. Abin da suke nema shi ne mutum ya bambanta abokin hamayya da abokin gaba. Abokin hamayya shi ne wanda in bai zo ba babu wasa. Ya bar aikinsa, ya biya kuɗin shiga kamar kowa, ya ba da jikinsa amana na minti 40. Amanar abokai takwas ba ta soke amanar mutum tara na ɗaya ɓangaren, domin dukansu a kan alkawari ɗaya suka shigo.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Ƙungiyar da ta ci yau za ta faɗi wani makon, kuma bayan shekara babu mai tuna makin. Abin da ake tunawa a ƙaramar gasa, inda fuskoki ɗaya ne suke haɗuwa kowane mako, shi ne wane ne in ya ce ya taɓa to ya taɓa, wace ƙungiya ce ake jin daɗin karawa da ita ko da za ta yi nasara, wace ce kuma ake duba ranarta a jadawali da ɓacin rai. Mutanen 1859 sun bar wa ɗan wasa ya shelanta cafkarsa da bakinsa domin ba su da wani zaɓi. Ƴan tara-tara sun komo wurin nan bayan shekara fiye da 150, su ma don ba su da alƙalai goma. Takardar doka tana iya faɗin tsawon fili da yawan maki; ragowar kuwa sai mutum 18 sun zo da ita daga gida.